Ƴar Ledar da Ke Gyara Hasken Hoto: Tarihinta da Darasinta ga Ƴaƴanmu

Duk wanda ya taɓa halartar biki da dare ya san irin hoton nan. An ɗauki amarya da ƙawayenta a cikin ɗaki, bangon da ke bayansu ya fito ja-ja kamar an shafa masa manja, fuskokinsu kuwa sun yi toka-toka, goshi yana ƙyalli, kamar waɗanda suka kwana a sanyin hunturu ba su shafa mai ba. Sai yarinya ta karɓi salula ta duba, ta ce: "Inna, dama haka nake?" Uwa ta ce a sake ɗauka. A sake ɗin, a samu abu guda.

Matsalar tana cikin hasken. A ɗakin akwai haske iri biyu da ba su jitu ba: na ƙwan fitilar da ke rataye, mai ɗan ja, da na filash ɗin kyamara, mai karkata ga shuɗi. Kyamara ba ta iya yi wa duka biyun adalci a lokaci guda. Ƙwararrun masu hoto suna magance wannan da wata ƴar leda mai launi wadda ba ta wuce faɗin yatsu biyu ba, suna manna ta a bakin filash. Sunanta jel. Abu ne ƙarami mai arha, amma tarihinsa ya kusa shekara 500, kuma a cikinsa akwai darasin da ya kamata malamai da uwaye su riƙe a wannan zamani da yaro yake ganin fuskarsa a waya fiye da yadda yake ganinta a madubi.

Haske ma yana da launi

Mu fara da abin da ido yake ɓoye mana. Farar riga fara ce a idonmu da hantsi, fara ce da almuru, fara ce a gaban fitilar aci-bal-bal. Amma hasken da ke dawowa daga rigar ba iri ɗaya ba ne a waɗannan lokuta uku. Ƙwaƙwalwa ce take yin gyara ba tare da mun sani ba, tana cewa "na san rigar nan fara ce".

Isaac Newton, masanin Ingila, ya nuna a rubutun da ya fitar a 1672 cewa hasken rana da muke kira fari haɗin launuka ne, irin waɗanda muke gani a bakan gizo. Daga nan aka gane cewa kowace fitila tana da nata haɗin: wata ja ya fi yawa a cikinta, wata shuɗi. Daga baya masana suka samo ma'aunin wannan bambanci, suka yi amfani da awon zafi mai sunan Lord Kelvin. Wanda ya taɓa zama a maƙera ba zai sha wahalar fahimta ba. Idan maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, yakan fara yin ja, sannan ruwan goro, sannan rawaya, in zafi ya tsananta ya koma fari. Kowane launi yana da zafin da ke haifar da shi, kuma da wannan lambar ake kiran launin haske. Kyandir yana wajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki na gida mai zare a ciki yana wajen 2,700. Fitilun ɗakin shirya fim suna 3,200. Ranar tsaka tana wajen 5,500. Inuwa a ƙarƙashin sararin sama mai haske tana iya wuce 7,000. Wato ƙaramar lamba ja, babbar lamba shuɗi. Filash ɗin kyamara an yi shi ne ya yi kama da ranar tsaka, shi ya sa yake faɗa da fitilar ɗaki.

Daga kwalaben ruwa zuwa romon ƙashi

Masu wasan kwaikwayo sun daɗe suna rina haske, tun kafin a san hoto. A 1545 wani magini ɗan Italiya, Sebastiano Serlio, ya bayyana a littafinsa yadda ake cika kwalaben gilashi da ruwa mai launi, a ajiye su gaban kyandir ko fitilar mai, don dandalin wasa ya yi ja ko shuɗi. Daga baya aka yi amfani da gilashi mai launi da kuma siliki rinanne.

Da fitilu suka ƙara ƙarfi, musamman bayan shigowar wutar lantarki a ƙarshen ƙarni na 19, sai aka koma ga jelatin. Duk matar da ta taɓa dafa ƙafar saniya ta bar romon ya huce ta ga jelatin: shi ne abin nan da ke daskarewa yana rawa. Daga fata da ƙashin dabbobi ake samunsa. Ana zuba masa rini, a shimfiɗa shi siriri ya bushe, sai ya zama kamar takarda mai barin haske ya ratsa. Daga nan sunan jel ya samo asali, kuma sunan ya zauna har yau ko da yake an daina yin sa da jelatin. Kamfanin Rosco, wanda aka kafa a Amurka a 1910, yana cikin tsofaffin masu wannan sana'a, sai Lee Filters na Ingila da ya zo a 1967.

Jelatin yana da aibi biyu: zafi yana busar da shi ya farfashe, ruwa kuma yana narkar da shi. Har ana ba da labarin tsokanar da tsofaffin ma'aikatan gidajen wasa suke yi wa sabon yaro: a ba shi jel a ce ya je ya wanke, ya dawo hannu wofi yana rawar jiki. Saboda haka aka sauya shi da roba mai jure zafi, irin wadda ake amfani da ita yanzu.

A ɓangaren kimiyya kuwa, tace haske ne ya haifi hoto mai launi. A 1861, a birnin Landan, James Clerk Maxwell ya nuna hoton wani ƙyalle mai zane-zane wanda Thomas Sutton ya ɗauka sau uku: ta cikin matacin ja, na tsanwa, da na shuɗi. Da aka haska hotunan uku a kan juna, kowanne ta cikin launinsa, sai launin ƙyallen ya bayyana. Hoton bai yi kyau sosai ba, amma hanyar ta tabbata, kuma a kanta ake tafiya har yau.

Wutar da ta zama filash

Masu hoto na farko bayin rana ne. In ta faɗi, aiki ya tsaya. A shekarun 1860 aka fara ƙona siririyar wayar magniziyom, wani ƙarfe mai ci da farar wuta, kuma da ita Charles Piazzi Smyth ya ɗauki hotuna a cikin babbar dalar Masar a 1865. A 1887 Jamusawa biyu, Adolf Miethe da Johannes Gaedicke, suka haɗa garin magniziyom da wani sinadari mai hura wuta, suka samar da hodar da ke tashi fau ɗaya kamar albarushi. Haske ya samu, amma tare da hayaƙi da ƙuna da gobara.

Da wannan hodar ne Jacob Riis, ɗan jarida haifaffen Danmak, ya riƙa shiga ɗakunan talakawan birnin New York cikin dare yana ɗaukar yadda suke kwana a cunkushe. Littafinsa na 1890 ya girgiza masu hali na birnin, ya taimaka wajen gyara dokokin gidajen haya. Shi da kansa ya ba da labarin yadda hodar ta taɓa tayar masa da wuta a gidan da ya shiga. Tun daga lokacin filash ya zama abin da ke tona abin da duhu ya rufe, ko da kuwa mutanen da ake haskawa ba a nemi izininsu ba.

A 1929 aka fara sayar da ƙwan filash a Jamus: gilashi rufaffe, cikinsa siririn alminiyom da iskar oksijin. Yana ci sau ɗaya, a cire shi da zafinsa a sa wani. A farkon shekarun 1930 kuma Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya inganta filash na lantarki, wanda ake iya kunnawa sau dubbai, mai saurin da ya kai shi ga ɗaukar hoton harsashi yana ratsa tuffa a 1964. Jikokin wannan filash ne suka iso ƙasashenmu. Da su Malick Sidibé ya ɗauki samarin Bamako a wuraren rawa, da su kuma Philippe Koudjina ya ɗauki dararen Yamai a shekarun 1960 da 1970. Amma hotunan nan da aka fi sanin su da su baƙi da fari ne, kuma a hoton baƙi da fari launin fitila ba ya tayar da rigima.

Da launi ya shigo

Rigimar ta fara ne da fim mai launi. Kamfanin Kodak ya fitar da Kodachrome a 1935. Fim ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta ce "rigar nan fara ce". Abin da ya gani shi yake rubutawa. Don haka aka riƙa yin fim iri biyu, na hasken rana da na hasken fitila. In ka ɗauki hoto da fim na rana a ƙarƙashin ƙwan lantarki, komai ya yi ja. In ka fita da fim na fitila tsakar rana, komai ya yi shuɗi.

Ƙwan filash na wancan lokaci haskensa ya fi na rana ja, sai masu yin sa suka riƙa shafa masa shuɗin fenti a jikin gilashi don ya dace da fim na rana. Wannan shafin shuɗi, a iya cewa, shi ne jel na farko da talaka mai kyamara ya riƙe a hannunsa ba tare da ya san sunansa ba.

Da filash na lantarki ya yaɗu, sai matsalar ta juye: yanzu filash ya yi daidai da rana, amma ya fi fitilar ɗaki shuɗi. Nan masu hoto suka aro dabarar masu fim. Ga yadda take aiki. Jel ba ya ƙara wa haske komai, ragewa yake yi. Leda mai ruwan goro tana tare wani kaso na shuɗin da ke cikin filash, ta bar saura ya wuce, sai hasken ya sauko daga wajen 5,500 zuwa kusan 3,200. Ana kiran wannan jel CTO, kuma akwai cikakke, da rabi, da kwata, gwargwadon yadda ake son jan ya kai. Kishiyarsa mai shuɗi ana kiransa CTB. Akwai kuma mai tsanwa, don dogayen fitilun ofis da asibiti waɗanda haskensu yakan fito da ɗan tsanwa a hoto. Idan filash da fitilar ɗaki suka zama launi ɗaya, sai a gaya wa kyamara cewa wannan launin shi ne fari, daga nan bango da fuska su fito daidai tare. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarfin haske, domin abin da ledar ta tare ya tafi ke nan.

Kamfanonin jel sun daɗe suna raba ƙananan littattafan samfur, kowane shafi launi guda. Masu hoto suka lura cewa girman shafin ya kusa daidai da bakin ƙaramin filash, suka riƙa yago su suna mannawa. Wasu don gyara, wasu don ado: a haska bango da ja, a haska gefen fuska da shuɗi, kamar yadda muke gani a bidiyon mawaƙa.

Fatar wa aka auna?

A nan tarihin ya zo inda ya shafe mu kai tsaye. Idan sai an gaya wa na'ura mene ne fari, kuma mene ne launin fata mai kyau, to wa ya gaya mata?

Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa wuraren wanke hoto wani kati na gwaji, mai ɗauke da hoton wata Baturiya. Ana kiransa katin Shirley, da sunan matar da aka fara ɗauka. Mai wanke hoto zai daidaita injinsa har fatar matar ta fito daidai, sannan ya wanke hotunan kowa da wannan saiti. Sakamakon ya fi bayyana a hotunan aji na makarantun Amurka, inda yara farare da baƙaƙe suke jere: fuskar farin yaro ta fito da duk kamanninta, ta baƙin yaro ta nutse, sai ido da haƙora. Lorna Roth, wadda a lokacin take malama a jami'ar Concordia ta Kanada, ta bi diddigin wannan al'amari a binciken da ta wallafa a 2009. Ta nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da koken masu sayar da cakulan da masu sayar da kayan katako, waɗanda suka ce hotunan talla ba sa bambanta cakulan mai duhu da mai madara, ko katako mai duhu da mai haske. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban.

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai iyakar da kimiyya ta gindaya: fim na wancan zamani ba ya iya riƙe wuri mai tsananin haske da wuri mai duhu a hoto guda. Amma inda za a ajiye tsakiyar ma'aunin, da fatar da za a sadaukar idan wuri ya ƙure, wannan zaɓin mutane ne, kuma sun zaɓi masu sayen da suka fi yawa a kasuwarsu.

Afirka ta Kudu ta nuna ɗaya fuskar. A zamanin wariyar launin fata, ana tilasta wa baƙaƙe yawo da littafin izinin wucewa mai ɗauke da hotonsu, kuma an yi amfani da kayan kamfanin Polaroid wajen ɗaukar irin waɗannan hotuna. Masu fasaha biyu, Adam Broomberg da Oliver Chanarin, sun jawo hankali a 2013 ga wani maɓalli da ke jikin kyamarar kamfanin mai suna ID-2, wanda ke ƙara ƙarfin filash don baƙar fuska ta fito sosai. Wato an san yadda za a haska baƙar fata lokacin da ake son a gane mai ita a shingen ƴan sanda. A 1970 wasu baƙaƙen ma'aikatan kamfanin a Amurka, Caroline Hunter da Ken Williams, suka tayar da gangamin adawa da wannan ciniki. An kore ta daga aiki, amma a 1977 kamfanin ya janye daga ƙasar.

Jel ɗin da ke cikin aljihunka

Yau kusan kowane gida yana da kyamara a cikin salula, kuma tsohuwar dabarar tana nan a ɓoye. A kan idon kyamarar akwai miliyoyin ƙananan matatai na ja da tsanwa da shuɗi, jere kamar saƙar tabarma, bisa tsarin da Bryce Bayer na Kodak ya yi wa rajista a 1976. Gwajin Maxwell ke nan aka ƙanƙanta. A 2013 wayar iPhone 5s ta zo da filash mai ƙwai biyu, fari da ruwan goro, tana gauraya su gwargwadon hasken wurin, wato aikin jel ba tare da leda ba. A 2021 kamfanin Google ya tallata wayar Pixel 6 da cewa an gyara kyamararta don ta fitar da fata mai duhu yadda take, abin da ke nuna cewa har zuwa lokacin matsalar ba ta ƙare ba.

Bambancin yau da jiya shi ne, da can mai hoto ne yake zaɓar jel da hannunsa, ya san abin da ya yi. Yanzu wayar ce take zaɓa a asirce. Tana gyara launi, wasu wayoyin kuma suna haska fuska su goge tabo tun kafin mai wayar ya nema. Yaro yana ganin sakamako, ba ya ganin zaɓin.

Abin da za a iya yi a aji da gida

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma yaranmu sun ɗauki hoto a matsayin gani. Yarinyar da kullum take fitowa toka-toka a hoton dare, sannan ta fito fes da haske idan ta latsa wani maɓalli, tana iya yanke hukuncin cewa fatarta ce take da gyara. Ba hoto kaɗai ke kai ƴanmata ga man bilicin ba, amma yana cikin masu rakiya. Maganin da ke hannun malami da uwaye shi ne su nuna wa yaro zaɓin da ke ɓoye, kuma wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji.

A samo tocila uku masu farin haske, da ledar alewa ko ta naɗe kyauta, ja da tsanwa da shuɗiya. A rufe bakin kowace tocila da launi guda, a rufe tagogi, a haska su wuri ɗaya a kan farin bango ko farar takarda. Inda ukun suka haɗu zai kusa zama fari. A sa yaro ya miƙa hannu a tsakani, zai ga inuwoyi masu launi daban-daban. Ya ga abin da Newton da Maxwell suka gani ke nan. A kula kada a ɗora leda a kan ƙwan da ke zafi, kada kuma a haska idon kowa.

Gwaji na biyu ya fi sauƙi. A ɗauki tukunyar ƙasa da farar takarda, a yi musu hoto da waya ɗaya da hantsi, da tsakar rana, da almuru, da dare a ƙarƙashin fitila, sannan da filash. A jera hotunan biyar a tambayi aji: wanne ne launin tukunyar na gaskiya? Gara a yi da tukunya maimakon fuskar wani ɗalibi, don kada darasi ya koma abin tsokana. Yaran da kansu za su kai ga amsar, cewa tukunyar ba ta sauya ba, hasken ne ya sauya.

Ga mai ɗaukar hoton gida kuma, ko hoton katin makaranta, akwai dabaru marasa tsada. A zaunar da yaro a inuwa kusa da ƙofa ko taga, fuskarsa tana kallon inda haske ke shigowa. A guje wa farin bango mai tsananin haske a bayansa, domin kyamara za ta auna bangon ta bar fuskar a duhu. In dole sai an yi da dare, a kashe filash a ƙara fitila, ko a rufe bakin filash ɗin da siririyar leda mai ɗan ruwan goro a ga bambanci.

Idan kuma yarinya ta sake duba waya ta ce, "Inna, dama haka nake?", uwar da ta san wannan tarihi tana da amsar da ta fi "a sake ɗauka". Za ta iya nuna mata fitilar da ke rataye, ta nuna mata filash, ta ce su biyun ne ba su shirya ba, sannan ta ja ta bakin ƙofa da safe a ɗauki wani.